Yadda Tsohon Sitiyarin G27 Ya Dawo Aiki a PS4 da Adaftar Haɗin Gida

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wanga sitiyari da kuke gani ɗaure a bakin tebur, Logitech G27 ne, na buga gem ɗin tseren mota. Shekara biyu ya yi a saman sif a ɗakin yayana can Mabera a Sakkwato, lulluɓe da tsohon zani, ƙura ta naɗa masa rawani. Ko sukuru ɗaya bai kwance a jikinsa ba. Abin da ya faru shi ne, ranar da aka sayar da PS3 aka kawo PS4, aka jona shi, ya juya hagu, ya juya dama, ya dawo tsakiya ya tsaya kamar yadda ya saba, amma gem ɗin ya yi kamar bai san da zamansa ba. Aka cire aka mayar har aka gaji. Daga nan yaya ya ce a ɗora shi sama, zamani ya wuce shi.

Ni kuwa abin ya daɗe yana ci mini rai, don na san abin da ke cikin wanga kaya. A 2009 ya fito. Ku dubi kewayen nan, fata ce ta gaske. Ga feda uku na ƙarfe: totur, birki da kuloci. Ga giya shida da ribas, irin wadda direba ke shiga da ita gida-gida. Yana juyawa digiri 900, wato zagaye biyu da rabi daga ƙarshe zuwa ƙarshe, kusan yadda sitiyarin ƙaramar mota yake. A cikin kan nan akwai ƙananan injuna biyu masu tura haƙoran da ke riƙe da sandar sitiyarin, kuma su ne ke ba da abin da nake kira turjiya.

Bari in tsaya kan turjiyar nan kaɗan, don dominta ake duk wannan wahala. Duk ɗan kabu-kabun da ya taɓa shiga rairayi da gudu ya san yadda kan babur ke yin sakayau a hannu tun kafin ido ya ga tayar ta zame. Hannu ke fara sani. To haka sitiyarin nan yake yi maka. In ka shiga kwana da ƙarfi sai ya yi nauyi yana ja da kai. In tayoyin gaba suka saki kwalta sai ya saki jiki nan take. In ka hau dakalin gefen hanya sai ka ji kakkarwa har kafaɗa. Hannun gem na yau da kullum girgiza kawai yake yi, ba ya faɗa maka ta wane gefe motar ke son kuɓucewa.

Da ƙanensa G29 ya fito a 2015, wanda shi PS4 ke karɓa, masu buɗe kaya suka buɗe suka duba. Injuna biyu, haƙora masu karkata, digiri 900, kusan gida ɗaya da yayansa. An ƙara masa maɓallai, an canja abin da ke auna juyawa, sannan aka sa masa wata 'yar IC ta shaida, wato ɗan guntun lantarki irin na cikin waya. A kan 'yar IC ɗin nan maganar take.

Ga yadda abin yake. PS3 ba ta da yawan tambaya, in ka zo da kaya mai USB wanda gem ya sani, bismillah. PS4 da ta fito a Nuwamban 2013 sai ta zo da mai gadi a ƙofa. Kowane ɗan lokaci tana aika wa abin da aka jona mata wata doguwar lamba, ta ce ya sa hannu ya maido. Sa hannun nan kuwa sai da wani makulli na sirri da ke binne cikin IC, wanda kayan da Sony ta ba lasisi kaɗai ke da shi. Abin da ya kasa amsawa, ko da ya fara aiki, bayan kamar minti 8 sai a katse shi. G27 kuwa an ƙera shi shekara huɗu kafin a haifi mai gadin.

Wanda ya san Kara ya san wannan tsari. Baƙo ya zo da shanunsa daga daji, lafiyayyu, ba mai musun kyansu, amma ba mai ƙirga masa kuɗi sai wani dillali da aka sani ya ce, "Na san shi, ni na tsaya masa." Da ɗan gari kan ci gari. Abu biyu baƙonmu ke nema ke nan: tafinta da zai juya maganarsa zuwa harshen da PS4 ke ji, da ɗan gari da zai tsaya masa. Tafintan shi ne adaftar da za mu haɗa tare da kwamfuta. Ɗan garin kuma hannun PS4 ne na asali, DualShock 4. Duk sanda tambaya ta zo, kwamfuta ta miƙa wa hannun, ya sa hannu, a mayar da amsa. Ita PS4 a ganinta G29 ne zaune a gabanta.

Manhajar da ke wannan aiki sunanta GIMX. Wani Bafaranshe ne ya rubuta ta, Mathieu Laurendeau, wanda aka fi sani da Matlo, kuma kyauta ya sake ta, kowa na iya saukewa ya duba cikinta. Tana aiki a Windows da Linux, har da 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi.

To ga kayan a kan tabarma. Wanga ɗan bod mai launin shuɗi, bai kai tsawon babban yatsana ba, shi ne Pro Micro. Ku matso ku karanta abin da ke rubuce a bayan IC ɗinsa: ATmega32U4. Wannan lamba ita za ku riƙe, don ita ce IC ɗin da ke iya shigar burtu ta fito a matsayin wani kayan USB daban. Arduino Leonardo ma ita gare shi, haka Teensy 2.0. Amma in mai shago ya miƙo maka Arduino Nano ya ce ai duk ɗaya ne, ka yi masa godiya ka ajiye, ATmega328P ke cikinsa, ba zai yi ba. Sannan Pro Micro iri biyu ne, ka nemi mai 5V da 16MHz. Na biyu kuma ga shi, mai kama da filas, shi ne CP2102, ta bakinsa kwamfuta ke magana da bod ɗin. Sai 'yan wayoyi uku. Duka-duka kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin sabon hannu ɗaya ba. In ba a samu a gari ba, masu kawo kayan gyaran waya daga Kano ko Legas suna sako su cikin kaya, ɗaliban lantarki na jami'a da na poli ma sun san hanyar samunsu.

Haɗin waya uku ne rak. GND zuwa GND. Ƙafar TX ta wannan ta tafi RX ta wancan, RX ta wannan ta tafi TX ta wancan. TX baki ne, RX kunne: bakin ɗaya a kunnen ɗaya, in ka haɗa baki da baki ba mai jin wani. Ƙafar 5V kuwa ka bar ta, kada ka taɓa, don kowane bod yana shan wutarsa daga inda aka soka shi, ɗaya daga kwamfuta, ɗaya daga PS4, kuma ba a son wutar biyu ta gauraya. In ba ka saba riƙe ƙarfen narka dalma ba, kai wa mai gyaran waya na unguwarku, aikin minti biyar ne a wurinsa. Ka roƙe shi ya ɗiga ɗan gam a gindin ramin USB na Pro Micro, don wurin ba shi da ƙwari. Nawa na farko a nan ya ɓalle, ƙanena ya taka waya da ƙafa, ramin ya taso da jan ƙarfen da ke ƙarƙashinsa gaba ɗaya. Shi ya sa wanga na biyu kuke ganinsa cikin gwangwanin ashana na ƙarfe, na huda gefe biyu, na naɗe bod ɗin da salatif don kada ya taɓa jikin gwangwanin.

Daga nan sai filashin, kamar yadda ake yi wa waya. Cikin kayan GIMX akwai gimx-loader. Ka soka Pro Micro a kwamfuta, ka zaɓi fayil mai suna EMUG29PS4, ka ɗura masa. Daga wannan lokaci, duk inda aka soka shi zai ce shi G29 ne. In Windows kake amfani da ita, ka sa tsohuwar manhajar Logitech Gaming Software 5.10. In babu ita, sitiyarin yakan zauna a wani hali na wucin gadi, ko zagaye ɗaya ba ya cikawa, sai ka yi ta zargin adafta alhali ba ruwanta.

Yanzu jonawa, ku bi hannuna. Feda da giya suna shiga ƙarƙashin kan sitiyari. Sitiyari ya sha wutarsa, USB ɗinsa ya tafi laftof. Hannun PS4, a kashe, shi ma laftof. CP2102, laftof. Pro Micro kaɗai ke tafiya PS4. Ka buɗe gimx-launcher, ka zaɓi ramin da adaftar take, ka sauke fayil ɗin saiti da ya haɗa sunan G27 da G29, ka danna Start, sannan ka taɓa maɓallin da aka ɗora wa aikin PS. Ga shi nan, talabijin na tambayar wa ke riƙe da sitiyari.

In bai yi ba, kafin ka kwance dalma, duba abu biyu. Na farko kebul. Rabin kebul ɗin da ke yawo a gidajenmu na caji ne kawai, waya biyu ce a ciki, ba ya ɗaukar bayani. Ni na yi asarar yini guda a kan wannan, tun bayan azahar har aka kira isha'i, ashe kebul ɗin fitilar caji na ɗauko. Na biyu hannun. Jabun DualShock 4 ya cika kasuwa, wani har kwalinsa ya fi na asali sheƙi. Jabu ba ya tsaya wa kowa, shi kansa neman mai tsaya masa yake. Wanda ya zo cikin kwali tare da na'urar shi ya fi kwanciyar rai, ko da sandunansa sun mutu, ko da maɓallan sun lotse. Ba wasa za ka yi da shi ba, IC ɗinsa kawai ake so. Masu gidan gem, tsofaffin hannayen nan da kuka tara a kwali, ga aikinsu ya samu.

Sai abin da ya shafe mu nan Sakkwato, wanda wanda ya rubuta manhajar a Faransa ba zai faɗa maka ba. Zafin Maris zuwa Mayu, sanda ake haura digiri 40, yana taruwa da zafin injunan. A bayan ɗaya daga cikinsu, a G27 da yayansa G25, akwai wani ɗan faifan roba mai tsaga-tsaga da haske ke ƙirgawa don a san inda sitiyari ya juya. An san shi da tsagewa a gindi. In ya tsage, za ka ga tsakiyar sitiyarin na gocewa, kana riƙe da shi a miƙe mota na cin gefe. Ana sayar da madadinsa na tagulla. Don haka ka ba shi iska, ka rage ƙarfin turjiya a cikin gem, kuma in ka yi awa guda ka bar shi ya huce. In hunturu ya shigo kuma, ƙura ke shiga cikin abin auna taku na feda, sai totur ya dinga rawa shi kaɗai. Feshin wanke bod na masu gyaran waya ke maganinsa. Ban da kalanzir, ban da baƙin mai.

Wuta kuma, adaftar wutar sitiyarin 24V take fitarwa. In tokumbo ka saya, karanta jikinta kafin ka soka a bango. In ka ga 100 zuwa 240, lafiya. In 120 kaɗai ka gani, ta Amurka ce, tamu 230 za ta ƙone ta. Kuma kafin a juya layi zuwa janareto, zare sitiyarin. Mai sayen tokumbo ya tabbata giya na ciki, don a G27 maɓallan shiga da fita da na sama da ƙasa duk a jikinta suke.

Wanga haɗi da na nuna na PS4 ne, kuma ya ishe ka gem ɗin tseren mota irin su Gran Turismo Sport na 2017 da Gran Turismo 7 na 2022, wanda ya fito a PS4 da PS5 duka. A PS5, Sony ta bayyana tun 2020 cewa DualShock 4 gem ɗin PS4 kawai yake yi, don haka in can za ka kai shi, fara da kwafin PS4 na gem ɗin. Xbox kuwa gidan wani ne da nasa mai gadin. GIMX a can hannu yake kwaikwaya, turjiya ba ta zuwa, kuma tun Nuwamban 2023 Microsoft ta fara toshe kayan da ba su da lasisi. Wanda ba ya son dalma da laftof, akwai adaftar kanti irin su Drive Hub da Brook Ras1ution, sai dai kuɗinsu ya ninka na wannan sau da yawa. Mai gidan gem da ba zai ajiye laftof gaban yara ba, Raspberry Pi ya fi masa, ya ɗaure ta ƙarƙashin tebur.

To bari mu gwada. Na zaɓi filin tseren Suzuka na Japan. Na taka kuloci, ga giya ɗaya, ku ji ƙarar shigarta. Ku kalli 'yan fitilun da ke saman sitiyarin, sannan ku kalli hannuna a jerin kwanonin nan masu kama da tafiyar maciji, yadda yake ja ina ja. Yaya, ka ajiye wayar nan ka zo ka karɓa, naka ne. Ka fara taka birki tun daga allon 100, kwanar gaba ta fi yadda take a ido matsewa.