Wanda Bai San Haƙƙinsa Ba, Me Ya Yafe?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum.

Tun ranar 1 ga Fabrairun 2025, da aka fara tsare motocin da ba su da inshora bisa umarnin Sufeto Janar na 'yan sanda na lokacin, Kayode Egbetokun, zancen da ake yi ɗaya ne: takarda. Kana da ita ko ba ka da ita, ta gaske ce ko ta bogi, nawa za ka biya a sake ka. Direbobi na ƙorafi, jami'ai na duba lamba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a duk wannan hayaniya an manta da mutumin da aka yi takardar dominsa. Ba don direba aka yi ta ba, ba kuma don ɗan sanda ba. An yi ta ne don wanda motar za ta buge. A titunanmu kuwa, babu wanda ake bugewa a tafi a bar shi da Allah ya isa kamar mai keke.

Masu keken kuma sun ƙaru. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kekunan da suka yi tsatsa a soro sun koma kan kwalta. Malamin firamare, masinja, ɗalibi, mai kai burodi shago-shago, duk suna cusawa tsakanin tifa da ɗan sahu, a titin da ba a ware musu ko taku ɗaya ba.

Kowa ya san yadda abin ke kasancewa. Mutum ya ɗauro kwandon tumatir a kariyar kekensa daga kasuwar 'Yankaba, mota ta kwashe shi a shataletale. Tayar gaba ta lanƙwashe, kaca ta zube, tumatir ya watse a kwalta, ƙafarsa ta juya inda ba nan take kallo ba. Kafin ka ce kwabo an yi cincirindo. Sannu, sannu, Allah ya tsare, da sauran kwana. In direban mai kirki ne, ya sa shi a bayan mota ya kai shi wurin mai ɗori, ya laluba aljihu ya ajiye 'yan dubbai. Sai wani dattijo ya gyara murya ya ce, "Ku yi haƙuri, tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. A yafi juna." A shafa fatiha a watse. Cikin mutum hamsin da suka taru, babu wanda ya rubuta lambar motar.

Daga nan fa sai kwanciya. Wata uku, wata huɗu a kan tabarma, ba fita ba shigowa. Jarin tumatir ya tafi a magani, uwargida ta fitar da kwanukan ɗakinta, yaron da ke makaranta ya koma tura baro. In ɗorin bai kamu ba a ƙare a Asibitin Ƙashi na Dala, a ce sai an sa ƙarfe, a fara yawo da takarda masallaci-masallaci ana neman taimako. Mutumin da ke bin bashi ya koma mai bara.

Bashi na ce, kuma da gangan na faɗa. Tun da daɗewa wata doka ta 1945 ta wajabta wa duk mai mota a ƙasar nan ya yi inshorar da za ta ɗauki nauyin wanda ya kashe ko ya ji wa rauni. A shekarar 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar inshora da ta haɗe tsofaffin wuri guda, tilascin kuma yana nan daram. Daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin da mai motar gida ke biya a shekara daga naira 5,000 zuwa 15,000, aka ce a madadin haka kamfani zai biya ɓarnar dukiya har ta naira miliyan 3. Mai adaidaita sahu 5,000 yake biya, mai babur 3,000. Miliyan ukun nan ta dukiya ce kawai, wato keken da kayan da ke kansa. Rauni da rai lissafinsu daban: kuɗin asibiti, abin da mutum ya rasa na sana'a a kwanakin jinya, naƙasar da za ta bi shi har kabari. Kuɗin nan an riga an biya su. Suna can a ajiye a kamfani. Duk ranar da aka shafa fatiha a bakin titi aka watse, ba direba aka yi wa alheri ba, kamfanin inshora aka bar wa riba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san amsar da za a ba ni: mu Musulmi ne, mun yarda da ƙaddara, yafiya ta fi. To, bismillah, mu je ga addinin. A Suratun Nisa'i, aya ta 92, Allah ya yi hukuncin wanda ya kashe mumini bisa kuskure, ba da gangan ba, ya ce a miƙa diyya ga iyalansa, sai fa in su ne suka yi sadaka da ita. Malamanmu na Malikiyya sun karantar da mu a zaure cewa diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya. Hannu ɗaya rabin diyya, ƙafa ɗaya rabin diyya, kowane yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. Shari'ar da ta ƙirga wa haƙori farashi, ita ce za a fake da ita a sallami mai karayar cinya da kuɗin ɗori? Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta taɓa soke diyya ba, don kisan kuskure ma ai ƙaddara ne. Yafiya kuwa ta mai haƙƙi ce, yana cikin hayyacinsa, ya san abin da yake bi, sannan ya ce na bar maka don Allah. Wanda ke kwance cikin jini, jama'a sun kewaye shi, yana jin kunyar dattijo, bai ma san akwai wani kamfani da ya wajaba ya biya shi ba, ku gaya mini, me ya yafe?

Masu cewa inshora akwai shubuha, ga kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci, nan da lasisinsu, a je can. Wannan damuwar mai mota ce. Mai keke ba shi ya ƙulla ciniki ba, diyyarsa yake karɓa.

Sai kuma masu cewa ai masu keke ma ba sa bin doka. Haka ne, wasu ba sa bi. Akwai mai bin hannun da ba nasa ba, akwai mai fita da daddare ba fitila, akwai wanda birkinsa silifas ɗinsa ne. Amma a dokar ƙasar nan, sakacin wanda aka buge rage diyya yake yi gwargwadon laifinsa, ba ya share ta. Alƙali ne ke auna wannan, ba 'yan kallo ba. Ku leƙa maƙwabta ma ku gani. Nijar da Chadi da Kamaru suna cikin ƙasashen da ke aiki da kundin inshora na bai ɗaya da ake kira CIMA, wanda aka ƙulla yarjejeniyarsa a Yawunde a 1992. A wannan kundi, in mota ta ji wa wanda ba direba ba rauni, ba a kafa masa hujja da kuskurensa don a hana shi diyyar jikinsa, sai in shi ya jefa kansa da gangan. A Holan, ƙasar kekuna, in mota ta buge yaro ɗan ƙasa da shekara 14, ɓangaren mai mota ne ke biya gaba ɗaya, babba kuma ba ya rasa aƙalla rabi ko da yana da laifi. Hikimar a fili take: wanda ke tuƙa ƙarfe mai nauyin tan guda shi ya kawo haɗarin kan hanya. Ko ana cika wannan a aikace a Maraɗi da Damagaram, wannan wata magana ce. Amma a rubuce, mai keken Maraɗi ya fi na Katsina gata, alhali tafiyar 'yan awoyi ce tsakaninsu.

Saboda haka, ɗan'uwa, in ka tarar an buge mai keke, sannu ba ta wadatar ba. Ka ɗauki lambar motar. Wayar da kake ɗaukar bidiyo da ita don ka watsa a WhatsApp, ɗauki hoton lambar da yadda motar da keken suka tsaya. Ka danna *565*11# ka sa lambar, za ka ga ko inshorar ta gaske ce. Ka kira 122, layin Hukumar Kiyaye Haɗurra. A kai rahoto ofishin 'yan sanda ko da an yi niyyar sulhu, domin kamfani ba ya sauraron labarin baki. A kai shi asibiti, a karɓi rahoton likita, a adana kowane rasit, har na allura. In wani ya ce sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa shi, sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa ko da wane dalili, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun. Kada ya dangwala hannu a takardar cewa ya janye magana alhali ko tsayuwa bai fara ba. Wanda ba shi da kuɗin lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, ƙarar diyyar haɗari na cikin aikin da dokarta ta 2011 ta ɗora mata. A kuma yi da jiki, musamman in motar gwamnati ce, don akwai dokar da ke taƙaita wa'adin kai ƙarar ma'aikacin gwamnati zuwa wata uku kacal. Wata ukun da mai karaya ke yi a kwance ke nan.

Ba na cewa da an bi waɗannan matakai kuɗi za su faɗo washegari. Akwai jeka-ka-dawo, akwai takardun bogi da 'yan kamasho ke bugawa a gindin bishiya kusa da ofisoshin lasisi, akwai direban da ke taka mai ya ɓace. Wani lokaci ma ba mugunta ke sa shi gudu ba, tsoron a ƙona masa mota ne, kuma wannan ɗabi'a tamu ta ɗaukar doka a hannu mai keken take cuta, don ta kori mutumin da za a bi. Amma ko wanda ya tsere, tsohuwar dokar inshora ta 2003 ta tanadi asusu a hannun NAICOM don biyan wanda motar da ba ta da inshora, ko direban da ba a gano ba, ya kashe ko ya naƙasa. Fiye da shekara ashirin ke nan. Ku shiga kasuwar Kurmi ku tambayi masu keke goma ko sun taɓa jin labarinsa.

Nan ne haushina ya fi tsanani. An iya tallata tara, an iya kafa shinge, an iya ninka kuɗin takarda sau uku a dare ɗaya. Sanar da talaka cewa yana da haƙƙi a cikin takardar ne ya gagara. NAICOM ta fito ta gaya mana, jiha-jiha, masu keke da masu tafiya a ƙasa nawa kamfanoni suka biya bara, kuma nawa aka fitar daga wancan asusu. Jami'an kiyaye haɗurra da na KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, da ke fara isa wurin haɗari, a wajabta musu rubuta lambar mota da sunan kamfanin inshorarta a miƙa wa iyalan wanda aka buge tun kafin a janye motar daga titi. Limamanmu kuma, da ake kira su raba gardama in an zo sulhu, su riƙa fara karanta wa mai rauni abin da shari'a ta ba shi, kafin su tambaye shi ko ya yafe.