Zawo ya tsaya, kada zink ya tsaya

[Hoto: uwa da yaro a layin asibitin ƙauye]

Tun da saƙon nan ya zaga WhatsApp cewa zink, wani sinadari da jiki ke buƙata, yana ƙarfafa garkuwar jiki, masu kemis daga Gaya har Ringim suke ciniki. Maganar da gaskiyarta, amma ga inda ake kuskure.

Yaro ya fara gudawa, an ba ki ruwan gishiri da sukari da katin zink. Na farkon mai sauƙi ne: ki haɗa da adadin ruwan da aka rubuta a jikin ledar, in ya kwana ya wuni ki zubar ki haɗa sabo.

[Hoto: kati mai ƙwaya goma, an ɓalli uku]

To, ku dubi katin nan. Uku aka ɓalla, zawo ya tsaya, sauran bakwai an cusa su ƙarƙashin katifa ana jiran ɗan maƙwabta ya kwanta. Inna, ba a gama ba! Kwana 10 zuwa 14 ake bayarwa, kullum sau ɗaya, ko da yaro ya miƙe yana bin kaji. Gudawa tana kwashe zink daga jiki, tana kuma goge bangon hanji. Ruwa ya ɗauke, amma katanga tana nan tana jiran yaɓe. Waɗannan kwanakin na baya su ne ke gyara hanjin, su rage yiwuwar dawowar zawon har wata 2 zuwa 3.

[Hoto: ƙwaya na narkewa a cokali]

Ƙwayar da aka saba bayarwa miligiram 20 ce. Ɗan wata 6 zuwa sama, guda. Ƙasa da haka, rabi. Ki narkar a cokali da ruwan nono ko tsaftataccen ruwa, bayan ya ci ko ya sha, don a cikin da babu komai takan sa amai. In kin ga jini a kashi, ko maɗiga ta faɗa, ko ya ƙi nono, sai asibiti. Kada a tsaya cewa haƙori ne.

Maigida kuma, da kake haɗiyar biyu-biyu wai riga-kafi: namiji miligiram 11 yake buƙata a rana, mace 8. Wuce 40 kullum yana hana jiki ɗaukar sinadarin tagulla, ƙarshenta ƙarancin jini. A ganina gara kuɗin ya tafi kan tsire da gyaɗa da wake, masu ɗauke da zink.