Tarihi a Majigi: Abin da Aka Nuna da Abin da Aka Tsallake

(An gabatar da wannan lacca ne a Sakkwato gaban malamai da ɗalibai, aka rubuto ta daga faifan murya.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena malamai da ke sahun gaba, Allah ya gafarta muku. Ƙannena ɗalibai maza da mata, sannunku da zuwa, sannunku da haƙurin wannan zafi.

An ce in yi magana kan finafinan tarihi da na fi so, in kuma faɗi ko gaskiya suke nunawa. To, bari in fara da tambaya. In na ce Sayyidina Hamza, wace fuska ce ke faɗo muku a rai? Na san da yawanku kun ga wani ƙaƙƙarfan mutum mai gemu bisa doki, da fatar zaki a kafaɗa. Wannan fuskar ta ɗan wasan fim ɗin Arrisala ce, Anthony Quinn, haifaffen ƙasar Meziko, ko kuma ta Abdullahi Gais na Masar in na Larabcin kuka kalla. Littattafan sira nawa muka karanta a zaure, amma da aka ambaci sunan, fuskar ɗan wasa ce ta riga kowa zuwa. Wannan shi ne ƙarfin fim, kuma shi ya sa ban ɗauki maganar yau da wasa ba.

Fim ɗin Arrisala ya fito a 1976. Mustafa Akkad, mutumin Halab ta ƙasar Siriya, shi ya shirya shi, aka ɗauke shi a Maroko da Libiya, da Turanci da Larabci a lokaci guda, kowane harshe da 'yan wasansa. Ni a kaset na fara ganinsa, a tsakar gidan wani maƙwabcinmu cikin azumi, mu yara a ƙasa, manya bisa tabarmi. Da aka ɗora wa Bilal dutse a ƙirji, wata tsohuwa ta rufe fuska da mayafi tana salati, ba ta sake ɗagowa ba sai da aka wuce wurin. Har gobe ina son wannan fim. Akkad ya yi ladabi. Bai nuna Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ba, bai sa masa murya ba, bai nuna halifofi huɗu ba. A Badar bakin takobin Sayyidina Ali kaɗai ake gani. Malaman Azhar sun duba rubutun kafin a ɗauka.

Sai dai wannan ladabin da kansa ya juya tarihin. Tunda ba za a nuna Abubakar da Umar da Usman da Ali ba, dole wani ya ɗauki nauyin labarin, sai aka ɗora wa Hamza da Bilal da Zaidu da Ammar. Yaron da fim ne kaɗai malaminsa zai tashi yana zaton Hamza ne na biyu a Musulunci, alhali ko a kogon Saur ba a ga wanda Alƙur'ani ya kira na biyun biyu ba. Yaƙin Handaƙ kuwa an tsallake shi ɗungurungum. Ba ƙarya aka yi ba, amma abin da aka bari a waje ya sauya nauyin abin da aka nuna. Ku riƙe wannan, don a kansa zan yi ta dawowa.

Na biyu, kuma shi ne na fi so duka, fim ɗin Umar Mukhtar, wanda Akkad ɗin dai ya fitar a 1981. A nan an kusanci gaskiya ƙwarai. Umar Mukhtar malamin allo ne, ya yi kusan shekara 20 yana yaƙar Italiya a duwatsun Jabal Akhdar na ƙasar Libiya. Janar Graziani, kwamandan sojojin Italiya, mutum ne na gaske. Wayar ƙaya da aka shimfiɗa a kan iyakar Masar don a yanke wa mayaƙa abinci da harsashi, an yi ta. Sansanonin da aka tara mutane kusan 100,000 da dabbobinsu, yunwa da cuta suka yi ta ɗibarsu, an yi su, har ma Akkad ya saka ainihin tsofaffin hotunan cikin fim ɗin. An rataye tsohon ranar 16 ga Satumba 1931 a sansanin Suluƙ, yana da shekara saba'in da 'yan kai, aka tilasta wa dubban mutane tsayawa su kalla. Gaskiyar ta yi wa Italiya ɗaci har ta hana nuna fim ɗin a ƙasarta, sai a 2009 aka sa shi a talabijin can, lokacin da Gaddafi ya kai ziyara Rum da hoton Umar Mukhtar manne a ƙirjinsa.

To ina gizo yake saƙar? Umar Mukhtar ɗan ɗarikar Sanusiyya ne tun yana yaro. A makarantarsu ta Jagbub ya yi karatu, su suka tura shi ya riƙe zawiya har cikin ƙasar Chadi, kuma da sunan shugaban ɗarikar, Idris Sanusi, yake yaƙi. Zawiyoyin nan su ne suka haɗa ƙabilu, su ke tara zakka da abinci. Amma ka kalli fim ɗin daga farko zuwa ƙarshe, da ƙyar za ka gane haka. Me ya sa? Gwamnatin Libiya ce ta ba da kuɗin, kuma Gaddafi shi ne ya hamɓarar da Idris ɗin nan daga sarautar Libiya a 1969. Wanda ya biya kuɗin kiɗa ba zai so a wasa abokin gabarsa ba. Saboda haka duk fim ɗin tarihi da za ku kalla, ku jira rubutun ƙarshe ku ga wa ya zuba kuɗi, a wace shekara, kuma me ke damunsa a wannan shekarar.

Ertugrul da ƙannena ke kwana kallo a waya da fassarar Hausa, ba zan daɗe a kansa ba. Gidan talabijin na gwamnatin Turkiyya ne ya yi shi daga 2014 zuwa 2019. Abin da tarihi ya tabbatar game da mutumin bai cika shafi guda ba: shi ne mahaifin Usman wanda ya kafa daular Usmaniyya. Zaman da kuke gani yana yi da Ibnu Arabi, marubuta ne suka tsara. Ku sha kallo, amma kada ku kawo mini shi a takardar jarrabawa.

Mu dawo gida. Nan kusa da mu, in ka bi ta Illela ka tsallaka, kana Birnin Ƙonni. A watan Mayu 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta afka wa garin, ta yi kisan da har yau tsofaffi ba su manta ba. Kafin nan, a watan Afrilu, sun gwabza da mutanen Lugu, garin Sarauniya, a ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutsi. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya yi fim a kan wannan a 1986, daga littafin Abdullahi Mamani na Nijar, ya kuma ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987. Ta'asar Faransawan da ya nuna ba ƙari a ciki, takardunsu da kansu sun shaida: ƙona garuruwa, rataye mutane, har suka harbe Kanar Klobb da gwamnatinsu ta aiko ya tsayar da su, daga baya sojojinsu suka kashe su su biyun. Wannan ɓangaren na sa masa hannu.

Amma ita Sarauniyar fa? A fim jaruma ce mai kwari da baka, tana gaban mayaƙa, tana jawabi kan 'yanci. A bakin mutanen Lugu kuwa, inda sarautar take har yanzu, Sarauniya mai riƙon al'ada ce, mai zama a ɗaki, ƙarfinta na asiri ne. Mamani yana neman gwarzuwar da ƙasa sabuwar 'yanci za ta yi alfahari da ita, sai ya ƙera ta. A Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, kuma ba Hausa ke bakin jarumar ba, alhali mutanen Lugu Hausa suke yi. Sannan ku lura da yadda aka nuna mu. Fadar Musulmi a fim ɗin wuri ne na masu rawani da ke kallonta a matsayin matsafiya, sun kasa gane wutar da ke tafe. Ban ce tsakanin Daular Usmaniyya da Azna zuma ce da madara ba, an yi yaƙe-yaƙe. Amma Sarkin Musulmi Abdurrahman da ke kan gado a lokacin yana tsakanin Faransa ta arewa da kamfanin Ingila ta kudu, kuma wasiƙun fadar suna nan a ajiye. Ba mu ba da labarinmu ba, wani ya ba da shi, ya ajiye mu a inda ya ga dama.

Fim ɗin Amina na 2021 ya fi ba ni takaici. Me muka sani game da ita a rubuce? Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a Infaƙul Maisuri, littafin da ya rubuta a ƙasar nan a 1812: ta yi yaƙi, Kano da Katsina sun kai mata gaisuwa, ta rasu a Atagara. Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, cikin ƙarni na 15, wasu kuma suka ce 'yar Bakwa Turunku ce a ƙarni na 16. Da ɗan wannan, dole mai fim ya cike giɓi, ban hana shi ba. Amma da kayan gida ake cikewa. Sai ga fadar Zazzau ana Turanci, ga filin da ake haɗa bayi faɗa kamar a tsohuwar Rum, ga shigar da kakanninmu ba su san ta ba. Ina lifidi, ina kakaki da algaita a inda suka dace, ina gaisuwar fada da faɗuwa gaban sarki?

Ku kwatanta da Shaihu Umar na Adamu Halilu, 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ƙagaggen labari ne, babu wani Shaihu Umar da aka haifa a Kagara aka kai shi ƙasar Larabawa. Duk da haka, a wurina ya fi Amina gaskiya nesa ba kusa ba. Hausar da ake yi a ciki, zaman almajirai gaban malami, makircin fadawa, ayarin raƙuma cikin Sahara, uwa tana bin sawun ɗanta har ita ma ta faɗa hannun masu sayar da mutane, duk rayuwa ce da aka yi. Kuma bai ɓoye cewa mu da kanmu muke kai hari mu kamo bayi ba. Fim ɗin ya ɓace shekaru da yawa, sai da aka tsinci faifansa a wani tsohon ɗakin ajiya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna a Balin a 2018. Ɗalibai nawa ne a ɗakin nan suka taɓa ganinsa? Hannu uku nake gani.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Mu a Sakkwato ba mu da uzurin masu fim ɗin Amina. Waɗanda suka yi jihadi sun rubuta shi da hannunsu. Malam Abdullahi na Gwandu ya bar mana Tazyinul Waraƙati, Bello ya bar Infaƙu, Nana Asma'u ta bar Waƙar Gewaye, ga ɗakin tarihi na Waziri Junaidu cike da takardu. Mun san an yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804. Mun san a Tafkin Kwatto, a watan Yuni na shekarar, jama'a dawakinsu kamar ashirin ne, yawancinsu 'yan baka ne a ƙasa, ga barade masu lifidi na Gobir a gabansu. Duk wanda ya nuna mini rundunar Shehu a ranar bisa ɗaruruwan ingarmu da alkyabba, ya yi wa tarihi ƙarya, kuma ya rage musu daraja, don a ƙarancin nan abin mamakin yake. Maganar nuna fuskar Shehu kuwa, Akkad ya riga ya koya mana yadda ake yi.

Abin da nake tsoro shi ne almakashi. Za mu nuna Tsuntsuwa da Alwasa, inda aka sha kashi, mahaddata da yawa suka yi shahada? Za mu nuna Malam Abdullahi wajejen 1807, ransa ya ɓaci da ganin yadda wasu suka koma neman dawaki da riguna da ƙwaraƙwarai, ya kama hanyar gabas, sai da mutanen Kano suka tsayar da shi? Shi ya rubuta wannan, ba Bature ba. Za mu bar Shehu Laminu na Barno ya faɗi hujjarsa a kan jihadin? Bello ya kwafe wasiƙunsa cikin littafinsa kafin ya ba shi amsa. Za mu nuna Bagobiri a matsayin mutum mai gida da 'ya'ya da nasa dalili, alhali jikokinsa na zaune cikin ɗakin nan?

In da ni ke da kyamara, daga Giginya zan fara, ranar 15 ga Maris 1903, ranar da Turawan Ingila suka ci Sakkwato. Bindiga mai ruwa tana aiki, 'yan tsirarun mutane sun kewaye tuta sun ƙi gusawa har aka gama da su. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas, talakawa suna barin gonaki suna bin sa, har Burmi, inda ya yi shahada ranar 27 ga Yuli, ɗansa Mai Wurno ya ƙarasa da sauran jama'a Sudan. Wannan kowa zai so ya ɗauka. Amma akwai Waziri Buhari, wanda ya tsaya a Marnona da jama'ar da ba ta da ƙafar tafiya, ga tsofaffi, ga mata da goyo. Ya tara malamai ya tambaye su: mu bi sarki, ko mu koma mu zauna ƙarƙashin Nasara don kada garin Shehu ya zama kufai? Ya koma, kuma abin bai bar cin ransa ba, har ya rubuta wasiƙa ga ma'abota ilimi yana bayyana dalilinsa. Wannan zaman na Marnona nake so in gani kafin in mutu: fitilar mai, malamai sun buɗe littattafai, kukan yara daga waje, da dattijo guda da zai ba da amsa kafin gari ya waye.

Na ji an fara kiran salla. Masu tambaya su riƙe ta, in mun idar sai mu dawo. Wassalamu alaikum.