Littafin Lura da Halittu: Inda Ɗalibai Ke Tuntuɓe

"Ni fa ban iya zane ba." Ƙorafin da ake ta ji kenan daga ɗaliban ilimin tsirrai da aka ce su fara riƙe littafin lura, wato littafin da ake zanawa da rubuta abin da aka gani a jikin tsirrai. Ku kwantar da hankali, ba gasar zane ake yi ba.

Kayan aiki ga su nan: littafi mai bango mai tauri, fensir, rula. A bar biro a aji, ruwa kan iya watsa tawada. Saman shafi a sa kwanan wata, lokaci, wuri da yanayin gari. Minti 20 a gaban abu ɗaya. Duk wannan mai sauƙi ne.

[Hoton gawo a watan Agusta]

To, ga inda ake tuntuɓe. Wannan gawo ne a tsakiyar damina. Kowace bishiya ta yi shar, shi ko ganye ɗaya babu. Ɗalibi ya ɗaga kai, ya rubuta "bishiyar ta mutu", ya wuce. Ya yanke hukunci tun bai duba ba. Abin da idonsa ya gani rassa ne fari-fari, tsirara, da ƙaya biyu-biyu, kuma shi ya kamata ya shiga shafi. A kankare ɓawon ƙaramin reshe da farce. Kore ne a ciki? A rubuta. A auna ƙaya da rula, a sa milimitar kusa da zanen, ko da zanen ya fi kama da tsintsiya.

Masanin halittu ɗan Amurka John Muir Laws yana koyar da mafarin jimla uku: na lura da, ina mamakin, ya tuna min da. Zato a na biyu yake zama: "Ko ta mutu ne?" da alamar tambayarsa.

[Gawon nan dai, a Disamba]

Ga shi ya cika da ganye, sauran suna zubarwa. Manomin Damagaram zai yi dariya, ya san haka tun yana yaro, gero ma yake shukawa a gindinsa. Shafin da aka auna a Agusta ne kaɗai za a iya kwatanta shi da na yau.

Malamai, maki na awo ne da tambayoyi da kwanan wata. Kuma a karɓi littattafan tun mako na 3. In aka bari sai ƙarshen zango, a ɗakin kwana za a cike su dare ɗaya, ba ƙura ko ɗigo a shafi.