Jawabin Maraba da Shehun Malami, Baƙonmu Daga Kano, a Sabon Zongo, Accra

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma shugaban taro, sarakunanmu na zango da 'yan majalisarsu, limamai, malaman makarantun allo da na boko, iyayenmu mata, ɗalibai da sauran jama'a, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta Malam, sannu da zuwa, sannu da hanya. A madadin kwamitin wannan ɗakin karatu da dukkan mutanen Sabon Zongo, unguwar da Malam Bako ya kafa tun farkon ƙarni na 20, ina yi maka lale marhabin, kai da 'yan rakiyarka. Mun ga kwalayen littattafan da ka riƙo mana daga Kano, har da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero wanda ya fito a 2006, da littattafan nahawu da na tarihi. Allah ya saka da alheri. Zumunta a ƙafa take, kai kuwa ka tako.

Ranka ya daɗe, ba kai ne malamin Kano na farko da ya shigo ƙasar nan da littattafai ba. Alhaji Umaru, wanda muke kira Alhaji Umaru Karaki, a Kano aka haife shi wajen 1858. Ya biyo hanyar fataken goro zuwa Gwanja, ya zauna Salga, da yaƙin basasa na 1892 ya watsa garin sai ya koma Kete Karaki, can ya yi limanci da koyarwa har ya rasu a 1934. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa, ciki har da waƙarsa kan zuwan Nasara da wadda ya yi kan talauci da wadata. Wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich, wanda ya fitar da ƙamusun Hausa a 1906, a gabansa ya zauna ya ɗauki karatu, kuma shi Alhaji Umaru ya rubuta masa da ajami yadda ƙasar Hausa take: noma, sana'o'i, fatauci, sarauta da labarin garuruwa. Haka kuma tatsuniyoyi da al'adu da karin maganar da Baturen Ingila Rattray ya buga a Oxford a 1913, juzu'i biyu, wani Malam Shaihu ne ya rubuta su da hannunsa a nan Gwalkwas, wato Ghana ta yanzu. Ashe ke nan wani kaso na abin da manazarta Hausa ke tinƙaho da shi, daga alƙaluman mutanen zango ya fito.

To ina waɗannan rubuce-rubuce suke yau? Wasu suna Turai. An fassara bayanan Alhaji Umaru zuwa Jamusanci da Ingilishi, an yi digirori a kansu a Amurka, wani malami ɗan ƙasar Folan, Stanislaw Pilaszewicz, ya shafe shekaru yana nazarinsu. Wasu kuma ga su nan Legon, a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana wadda Kwame Nkrumah ya buɗe a 1963, inda su Ivor Wilks da Alhaji Usmanu Boyo suka bi gari-gari suna tattara takardun malamai na Larabci da ajami. Daga nan zuwa Legon kuɗin mota ƙalilan ne. Amma ka tsayar da yaron Sabon Zongo ko na Nima ka tambaye shi wane ne Alhaji Umaru, sai ya zuba maka ido. Ba laifinsa ba ne, babu littafin da aka taɓa sa masa a hannu.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Hukumar Harsunan Ghana, wadda aka kafa tun 1951, tana buga littattafai a harsuna goma sha ɗaya, irin su Twi da Ga da Ewe da Dagbani da Gonja, babu Hausa a cikinsu. Gidan rediyon ƙasa yana labarai da Hausa, kasuwa tana ci da Hausa, a tashar mota da masallaci Hausa ce ke haɗa Badagombe da Bazabarme da Bamoshe, amma a ajin makarantar gwamnati ba ta da kujera. Yaronmu yakan tashi da Hausa a baki, ya yi Larabci a makaranta, ya yi Ingilishi a boko, ya gama bai iya rubuta wa kakarsa wasiƙa da harshen da take ji ba.

Saboda haka roƙonmu na farko, kuma shi ne babba, a dawo mana da Alhaji Umaru gida. Muna so jami'arku ta haɗa hannu da malaman Legon a fitar da rubutunsa cikin ƙaramin littafi mai araha, ajami a shafi ɗaya, boko a ɗaya shafin, da ɗan sharhi, yadda dattijon da ya yi allo da jikansa ɗan sakandare za su zauna tabarma guda su karanta. Idan an fara da shi, tarihin zangunanmu ma yana jira. Yadda Malam Naino ya zauna a Accra, yadda Malam Amadu Futa ya sari Nima, abin da dokar korar baƙi ta 1969 ta yi wa gidajenmu, duk suna bakin tsofaffi, tsofaffin kuwa kullum raguwa suke yi.

Ka kuma ji Hausarmu tun da ka sauka. Mace da namiji duk "ya zo" muke ce musu, na ga wasu cikin 'yan rakiyarka suna murmushi. Ba ma jin kunyarta. A turo ɗalibai su nazarce ta yadda take, su rubuta, kamar yadda aka yi wa Sakkwatanci da Katsinanci.

Sai kimiyya. Tun zamanin kamfanin ɗab'i na Gaskiya a Zariya, Abubakar Imam da Rupert East suka rubuta Ikon Allah, suka nuna cewa Hausa tana iya ɗaukar bayanin halittu da yadda duniya ke tafiya. Mu a nan buƙatarmu ta kusa ce. Agbogbloshie maƙwabtanmu ne, samari sun yi shekara da shekaru suna ƙona wayoyin lantarki a can don su ciro tagulla, suna shaƙar hayaƙin da ba wanda ya taɓa bayyana musu, da harshen da suke ji, abin da yake yi wa huhu da jini. Kowace damina kwatoci sukan cika su yi ambaliya, sauro da cutar amai da gudawa su biyo baya. Littafi siriri mai hotuna da zai faɗi yadda ƙwayar cuta ke shiga ruwa, da illar dalma a jikin yaro, malamar Islamiyya za ta iya karanta wa mata shi bayan darasi. Wanda kuma yake shirin jarrabawar kimiyya da Ingilishi, in ya fara gane abin da Hausa, haddar ba za ta zame masa dole ba.

Namu ɓangaren mun ɗauka. Ɗakin zai kasance a buɗe bayan la'asar da ranakun hutu, malamai biyu sun yarda su koyar da karatun Hausar boko kyauta, kuma matasa za su fara ɗaukar muryoyin dattawa da wayoyinsu.

Bayan jawabinka ɗalibai za su zaga da kai ka ga ɗakin, iyayenmu mata kuma sun ce ba ka fita unguwar nan sai ka ci wake da shinkafarsu irin ta Ghana. Allah ya gafarta Malam, jama'a suna sauraronka. Bismillah.