Takardar harajin GST a Indiya: babbar kotu ko ɗaukaka ƙara?

Malam Nura: Assalamu alaikum masu sauraro. Yau Indiya muka nufa, inda harajin kaya da ayyuka, wato GST, ya fara aiki ranar 1 ga Yulin 2017. Barista, ɗan kasuwa ya ga takardar hukumar haraji, zai iya garzayawa babbar kotu kai tsaye?

Barista Hauwa: Ƙofa a buɗe take, Malam. Sashe na 226 na tsarin mulki ya ba babbar kotu wannan iko. Amma alƙali zai tambaye shi me ya hana shi bin matakai. Ya amsa takardar, in an yanke masa hukunci ya ɗaukaka ƙara bisa sashe na 107 na dokar GST cikin wata uku, ya ajiye kashi 10 cikin ɗari na harajin da ake jayayya a kai.

Alhaji Bala: Nan gizo ke saƙar! Kashi goman nan jarin mutum ne.

Barista Hauwa: Gaskiya ne, Alhaji, sai dai nauyin kuɗi kaɗai ba hujja ba ce. A shari'ar kamfanin Commercial Steel ta 2021, Kotun Ƙoli ta soke hukuncin babbar kotun jihar Telangana, ta ce a koma a bi matakai. Ta bar ƙofofi huɗu na zuwa babbar kotu kai tsaye: an tauye haƙƙi na asali, an yanke hukunci ba a saurare ka ba, jami'i ya wuce hurumi, ko dokar kanta kake ƙalubalanta.

Malam Nura: Wanne ya fi fitar da mutane?

Barista Hauwa: Rashin sauraro. Sashe na 75 na dokar GST ya wajabta a ba mutum dama ya yi bayani kafin a yanke masa hukunci mai cutarwa. An sha ɗora takarda a wani lungu na shafin intanet ɗin hukumar, mai shago bai gani ba sai da hukunci ya sauko. Manyan kotuna sun rushe irin waɗannan, kuma wallahi sun kyauta.

Alhaji Bala: In kuma sun rufe min asusun banki fa?

Barista Hauwa: Makamancin wannan ya faru a shari'ar kamfanin Radha Krishan, ita ma a 2021, inda hukumar haraji ta riƙe kuɗin da kamfanin ke bin abokan cinikinsa bashi. Kotun Ƙoli ta ce wannan iko ne mai tsanani, dole jami'i ya kasance da hujja a hannu, ta kuma ce ya kamata babbar kotu ta saurari ƙarar. Amma Alhaji, ko ka tafi kotu, riƙa ƙirga kwanakin wata ukun nan.

Alhaji Bala: In sun wuce fa?

Barista Hauwa: Wata ɗaya ake ƙara maka, shi ma sai da ƙwaƙƙwaran uzuri.