Idon raga da tsagewar kankare: inda lissafin kwamfuta ke kuskurewa

Jama'a, assalamu alaikum. Kankare jarumi ne wajen danni, amma rago ne wajen ja. Wanda zai jure dannin megafaskal 30 (megafaskal ma'aunin ƙarfin danni ko ja ne), da an ja shi da kamar megafaskal 3 sai ya fara tsagewa. Sai dai ba ya fashewa farat ɗaya kamar gilashi, shi ya sa ƙa'idar tsagewa da injiniya Griffith ya fitar a 1921 kan gilashi ba ta yi masa daidai. Ku duba bakin tsaga da kyau: a gabanta akwai ƙananan tsage-tsage da suka kewaye tsakuwa, a bayanta kuma tsakuwa na cije da juna, tana ci gaba da riƙe ɓangarorin biyu. Ƙarfin yana raguwa ne sannu a hankali yayin da tsagar ke buɗewa. Wannan ne Hillerborg da abokan aikinsa suka sa cikin lissafi a Jami'ar Lund ta Suwidin a 1976.

A kwamfuta, ana yanka ginin gunduwa-gunduwa kamar raga, a lissafa kowane ido. Ngo da Scordelis a 1967 sun raba idanun a inda tsaga ta bi. Rashid a 1968 ya bar ragar a haɗe, ya raunana idon da ya tsage kawai. Hanyar Rashid ta fi sauƙi, amma tana da tarko, kuma shi nake so ku riƙe.

Ɗauki sandar kankare a kwamfuta, ka yanka ta da ido mai faɗin milimita 50, ka ja. Tsagar za ta tare a layi ɗaya tak na idanu, sauran su saki su huta. To, mayar da idon milimita 25. Tsagar na nan a layi ɗaya, amma layin ya koma rabi, don haka makamashin da aka kashe wajen tsagawa ma ya koma rabi. Wato kana ƙara ƙanƙanta raga don neman daidaito, amsa tana ƙara lalacewa. Wannan ba halin kankare ba ne, laifin lissafi ne.

Bažant da Oh sun kawo maganinsa a 1983. Abin da ba ya canzawa shi ne makamashin tsagewa, kusan jul 100 ga kowace murabba'in mita ta tsaga a kankare na yau da kullum (jul ma'aunin makamashi ne). Ana auna shi da bim mai ɗan yanka a ƙasan tsakiyarsa, a ɗora shi kan matokara biyu, a danna daga sama. Idan ka ɗauka ƙarfin na sauka a miƙe, ninka 100 sau biyu ka raba da megafaskal 3 (faskal miliyan 3): tsagar za ta daina riƙo idan ta buɗe milimita 0.067. Sai ka raba wannan da faɗin ido, ka sami gwargwadon miƙewar da ido zai yi kafin ya daina riƙo. Na milimita 50 ya ba ka kusan 0.0013, na 25 kusan 0.0027. Kowane girman ido da nasa adadin. Wanda ya sa adadi ɗaya ga duka, ya faɗa tarkon.

Ido kuma kada ya yi girma fiye da kima. Da kankare mai taurin gigafaskal 30 (megafaskal 30,000), iyakar kusan milimita 670 ce. Bayan nan idon zai fashe lokaci guda, lissafin ya rikice.

Abu biyu na aiki. Kada ka riƙa ƙara nauyi a cikin lissafin, domin da an kai ƙololuwa kwamfuta za ta tsaya ta kasa samun amsa. Ka riƙa ƙara motsi kaɗan-kaɗan, ko buɗewar bakin tsagar. Sannan ka maimaita lissafin da raga uku masu girma daban, ka kuma karkata ɗaya, saboda tsaga na son bin layin raga maimakon hanyarta ta gaskiya. In hanyar tsagar ta juya tare da ragar, kada ka sa hannu a wannan sakamakon.